Muhawara: in karɓi Windows 11 ta hanyar haɓakawa, ko in sayi cikakken lasisi?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Kwamfutoci biyu gare ni, duka Windows 10 ce a kansu, kuma kun san tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko mata da sabuntawar tsaro. Ta farko ta tebur ce, tsohuwa, mai Core i5-3470. Da Windows 7 Professional ta zo, har yau sitikar na manne a jikin akwatin, a 2016 na ɗaga ta zuwa Windows 10 Pro lokacin da ake bayarwa kyauta. Ta biyun laftof ce mai Core i5-8250U, ita da Windows 10 Home aka sayo ta.

Na gwada su da PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11. Laftof ta haye. Ta tebur kuwa an ce furosesanta ba ya cikin waɗanda aka amince da su, kuma ba ta da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata. Niyyata in canza mata madabod (babban allon da sauran kayan ciki ke hawa kansa) da furosesa da RAM, in bar akwati da SSD. To lasisin da ke kanta zai bi ni zuwa sabon madabod in haɓaka kyauta, ko dole in sayi cikakke? Ita kuma laftof, in bar ta ta haɓaka a kan abin da ke ciki ne, ko in goge komai in ɗora sabuwa fil?

Sadiq_99:
Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka sayi komai. Ɗauki lambar da ke jikin sitikar nan ta Windows 7 ka zuba a Windows 11, za ta kunnu.

Injiniya Lawal:
Sadiq, wannan ƙofar an rufe ta. A hukumance kyautar ta fara 29 ga Yuli 2015 ta ƙare 29 ga Yuli 2016. Gaskiya ne bayan nan lambobin Windows 7 da 8 sun ci gaba da aiki shekara da shekaru, amma a Satumba 2023 Microsoft ta sanar da toshe hanyar. Yau lambar sitikar nan ba za ta kunna masa Windows 10 ko 11 a sabon madabod ba.

Abban Khadija, tambayarka guda biyu ce a dunƙule, kuma sai an raba su za ka ga hanya. Ɗaya ita ce wane irin lasisi kake riƙe da shi. Ɗayar kuma ita ce ta wace hanya za a ɗora manhajar, a kan tsohuwa ko a kan faifan da aka goge. Babu ruwan ɗaya da ɗaya. Mai cikakken lasisi zai iya ɗorawa a kan tsohuwar ba tare da ya rasa fayil ko ɗaya ba, wanda ya samu tasa kyauta ta haɓakawa kuma zai iya gogewa ya ɗora sabuwa fil. Matsalar kwamfutarka ta tebur ta lasisi ce. Ta laftof kuwa lasisinta lafiya lau, zancen hanyar ɗorawa kawai ya rage.

Baba Isa:
Injiniya ya yi gaskiya, amma bari in gaya wa yaran nan inda ruɗanin ya samo asali, don mu mun ga zamanin da kwalin Windows biyu, na haɓakawa da cikakke, ake ajiyewa gefe da gefe. A lokacin XP, faifan haɓakawa idan bai ga tsohuwar Windows a kwamfuta ba sai ya tsaya ya ce ka saka masa faifan Windows 98 ko 2000 ya duba, ya tabbatar kana da ita, sannan ka mayar da nasa ya ci gaba. Da Vista ta zo aka cire wannan, aka ce sai dai ka fara daga cikin Windows ɗin da ke aiki. Windows 7 da ta fito 22 ga Oktoba 2009, Home Premium ta haɓakawa dala 119.99 ce a Amurka, cikakkiya kuma dala 199.99. Manhajar da ke cikin kwalayen biyu iri ɗaya ce, babu abin da cikakkiya take yi wanda ta haɓakawa ba ta yi. Rangwamen na wanda ya riga ya mallaki XP ko Vista ne, kuma sharaɗin shi ne sabon lasisin ya maye gurbin tsohon, ba ka da ikon ɗaukar tsohon ka kai wata kwamfuta.

Ga kuma hujjar maganar Injiniya. Mai XP yana da damar sayen Windows 7 a farashin haɓakawa, amma ba shi da damar ɗora ta a kan XP kai tsaye. Dole ya kwashe fayilolinsa, ya ɗora sabuwa, ya sake saka manhajojinsa ɗaya bayan ɗaya. Lasisin na haɓakawa, aikin kuma na sabon ɗori. Daga Windows 8.1 a 2013 aka koma sayar da cikakkiya kaɗai a kwali.

Abban Khadija:
Allah ya ƙara girma Baba. Kenan yanzu babu ma wani kwalin haɓakawa da zan je in saya?

Injiniya Lawal:
Ga mutum ɗaya mai amfanin kansa, babu. Abin da ya rage shi ne haɓakawa kyauta daga 10 zuwa 11 ga kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, sai kuma biyan kuɗi don tashi daga Home zuwa Pro. Bambancin da ya kamata ka sa wa ido yau shi ne tsakanin lasisin OEM, wato wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya ɗora tun daga masana'anta, da lasisin da mutum ya saya shi kaɗai. Na farko yana tare da na'urar da ya zo a kanta, in ka sayar da ita ya tafi da ita, in ta mutu ya mutu. Na biyu naka ne, kana iya cire shi daga wannan ka kai waccan, muddin kwamfuta ɗaya ce ke amfani da shi a lokaci guda. Haɓakawar kyauta kuma ba ta canza asalin lasisi. In tushensa OEM ne, Windows 10 ɗin da ta fito daga cikinsa ma haka take.

A idon tsarin kunna lasisi, madabod shi ne kwamfutar. Ka canza SSD, ka ƙara RAM, ka sauya katin hoto, yawanci ba ya damuwa. Ka canza madabod, ya ɗauke ta sabuwar na'ura.

Sadiq_99:
To ai gani ya kori ji. Yaya, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta slmgr /dli ka danna shiga. Wani ɗan akwati zai fito ya gaya maka irin lasisin.

Abban Khadija:
Na yi. A ta tebur ya rubuta RETAIL, wato wanda aka saya shi kaɗai. A laftof kuma OEM_DM. Alhamdu lillahi, ashe na tebur ɗin mai tashi ne!

Injiniya Lawal:
Dakata tukuna. A ƙasan wannan akwatin akwai haruffa biyar na ƙarshen lambar. Me ka gani?

Abban Khadija:
3V66T.

Injiniya Lawal:
Abin da na yi zato kenan. Wannan ba lambarka ba ce kai kaɗai. Ita ce lambar gama-gari da ake liƙa wa duk Windows 10 Pro da aka kunna da lasisin dijital, kuma tana nuna RETAIL ko da tushen lasisin OEM ne. Ainihin shaidarka tana wurin Microsoft, an ɗaure ta da bayanan madabod ɗinka. Tunda da Windows 7 kwamfutar ta zo daga masana'anta, sitikar da ke jikin akwati ta fi wannan akwatin faɗin gaskiya. Duba ta da kyau, galibi za ka ga sunan kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko kalmar OEM a jiki.

Abban Khadija:
Haka ne, sunan kamfanin na nan a jikinta.

Sadiq_99:
Duk da haka Injiniya, in ya haɗa lasisin da asusunsa na Microsoft kafin ya canza madabod, akwai wurin warware matsalar kunnawa a cikin saiti, inda mutum ke cewa ya canza kayan na'urarsa kwanan nan. Akwai waɗanda ya yi musu aiki.

Injiniya Lawal:
Akwai waɗanda ya yi wa, akwai waɗanda ya ƙi. An tanadi wurin ne don mai lasisin da ke da izinin tashi, da kuma wanda madabod ɗinsa ya lalace aka sauya masa. Abban Khadija kuwa sabuwar kwamfuta zai haɗa a cikin tsohon akwati. Ba zan ce masa ya kashe kuɗi a kan kaya yana dogaro da abin da yarjejeniyar lasisi ba ta ba shi ba. Ya sa kuɗin cikakken lasisi cikin lissafinsa tun yanzu.

Sadiq_99:
In dai saye ne, akwai shafukan da ke sayar da lambar Pro da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ummu Yasir:
Ƙanena Sadiq, a nan kam ba na tare da kai. A ofishin da nake riƙe wa lissafi an taɓa sayo irin waɗannan lambobin daga wani mai sayarwa a intanet. Sun kunnu lafiya, aka yi watanni ana aiki, rannan sai rubutu ya fito a kusurwar allo ta ƙasa cewa a kunna Windows. Da aka nemi mai sayarwar, shafin ma babu shi. Araha ba ta ado.

Injiniya Lawal:
Yawancin irin waɗannan lambobin na manyan kamfanoni ne da makarantu, waɗanda ake ba su don kunna kwamfutoci da yawa, wani ya fitar yana sayarwa ɗai-ɗai. Ranar da adadin ya cika ko aka toshe lambar, shi kenan. Wani abin da mutane ba su cika sani ba kuma, lasisin Windows na jimla da ake sayar wa kamfanoni shi kansa na haɓakawa ne, sai kwamfutar tana da halastacciyar Windows tun farko yake hawa. Don haka ko kamfanin da ya saya da kuɗinsa ba shi da ikon ɗora shi a kan kwamfutar da ba ta da komai, balle wanda ya tsinci lamba ɗaya a kasuwar intanet. In slmgr ya nuna maka VOLUME, wato lasisin jimla, a kwamfutar gida, to akwai magana.

Bello Mai Linux:
Ni tambayata daban ce. Abban Khadija, ka yi lissafin madabod da furosesa da RAM da cikakken lasisi a haɗe? Domin RAM ɗinka DDR3 ce, ba za ta shiga sabon madabod ba. Ka kwatanta jimlar da kuɗin kwamfuta sukutum mai Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, ko da wadda aka yi amfani da ita ce. Tun daga Windows 8 kamfanoni ke dasa lambar lasisi a cikin madabod, ba a sitika ba, don haka irin wannan kwamfutar da lasisinta take zuwa. Tsohuwar kuma kada ka farke ta. Core i5-3470 da SSD za ta ɗauki Linux Mint ko Ubuntu, masu maye gurbin Windows, cikin sauƙi, kuma babu zancen lasisin haɓakawa ko cikakke a can. Ubuntu LTS, wato sigar mai dogon tallafi, duk shekara biyu take fitowa a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar.

Abban Khadija:
Malam Bello, maganarka ta shige ni. Sai dai ni mutum ne mai son haɗa kwamfuta da hannunsa, kuma na san nan da wasu shekaru zan sake canza madabod.

Injiniya Lawal:
To kai ne ainihin wanda aka yi cikakken lasisi dominsa. Wanda ke sayen kwamfuta ya yi amfani da ita har ta tsufa ya sauya wata, asara ce ya sayi cikakke, don kowace sabuwa da nata take zuwa. Mai canza madabod kuwa sau ɗaya zai biya, lasisin ya riƙa binsa. Ka saya daga Microsoft ko dillalin da aka amince da shi, ka adana rasit da lambar mai haruffa 25.

Sadiq_99:
Ko kuma ya bar tsohuwar yadda take, ya yi amfani da Rufus, manhajar rubuta Windows a filash, ya tsallake binciken TPM. Windows 11 za ta hau, lasisin da ke kai kuma zai kunna ta tunda madabod bai canza ba.

Baba Isa:
Za ta hau, ban musa ba. Amma Microsoft ta faɗa a fili cewa kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗa ba, ba a yi mata alkawarin sabuntawa ba. Mutumin da ya baro Windows 10 saboda tsaro, me ya sa zai koma inda tsaron ba shi da tabbas? Kuma babbar sabuntawar shekara-shekara ba ta cika zuwa da kanta a irin waɗannan ba, sai ka sake yin dabara. Wanda ke wasa da tsohuwar kwamfuta don koyo, ya yi. Wadda ake shiga banki da ita kuwa, ban ba da shawara ba. In lokaci yake so ya tara kuɗi, akwai shirin tsawaita sabuntawar tsaro mai suna ESU da aka sanar, mai ba Windows 10 sigar 22H2 sabuntawar tsaro har 13 ga Oktoba 2026.

Abban Khadija:
Na gamsu a kan ta tebur. Saura laftof.

Baba Isa:
Goge ta. Ni ban taɓa son ɗora sabuwa a kan tsohuwa ba. Kamar sauya rufin ɗaki ne da kaya a ciki, aikin zai yiwu amma ƙura za ta sauka a kan komai. Tsofaffin direbobi (manhajojin da ke sarrafa kayan na'ura), ragowar manhajojin da aka cire, tarkacen da kamfani ya cusa tun farko, duk za su bi ka. Samu filash mai 8GB, sauke Media Creation Tool, manhajar Microsoft mai zuba Windows a filash, ka ɗora sabuwa. Ba za ta ma tambaye ka lamba ba, za ta karanto ta daga madabod ta zaɓi Home da kanta.

Ummu Yasir:
Baba, a gafarce ni, a nan ina da ja. Shawarar nan ta dace da mai kwamfutar da babu komai a kanta sai burauza. Ni akwai manhajar lissafi a tawa da aka saka shekaru da suka wuce, da saitin firinta, da wasu manhajoji masu nasu lasisin da sai an nemi masu su kafin a sake kunnawa. In na goge, aikin mako guda ne kafin in dawo daidai. Da na haɓaka a kan abin da ke ciki, na bar ta tana aiki da yamma, ta sake kunna kanta 'yan lokuta, na dawo na tarar da komai a inda na bar shi, har fayilolin da ke kan fuskar allo. Haɓakawar yanzu ba irin ta zamanin Vista ba ce. Sabuwar Windows ake shimfiɗawa gefe, a kwaso kayanka a zuba mata, tsohuwar kuma a tattara ta a folda mai suna Windows.old.

Baba Isa:
'Yata, na yarda an samu ci gaba. Amma kwamfutar da ke da ciwo tun farko, mai nauyi ko mai yawan maƙalewa, haɓakawa ba ta warkar da ita.

Ummu Yasir:
Wannan gaskiya ne Baba. Mai ciwo a goge ta. Amma Abban Khadija bai ce tasa na da ciwo ba.

Abban Khadija:
Lafiyarta ƙalau, kuma akwai manhajojin aiki a kai.

Injiniya Lawal:
To ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba, jeri ne. Fara da kwafe fayilolinka zuwa wani faifai na waje, wannan babu sassauci a kai. Sannan ka haɓaka ta Windows Update. In ta gama, shiga saiti ka tabbatar an rubuta cewa Windows ta kunnu. Kana da kwana 10 da za ka iya komawa Windows 10 in wani abu ya ƙi, don haka a cikin kwanakin nan ka gwada firinta, kyamara, sauti da kowace manhajar aiki, kuma kada ka goge Windows.old don neman fili. In komai ya tafi daidai, ka huta. In ta yi nauyi, shawarar Baba na nan tana jiranka, lasisin ba zai ɓace don ka goge ba. Amma in ka fara da gogewa, babu hanyar komawa.

Malama Zainab:
Ina bin zancen tun ɗazu. Tawa Windows 10 ce mai 32-bit, ita ma za ta haɓaka a kan abin da ke ciki?

Injiniya Lawal:
A'a Malama. Windows 11 64-bit kaɗai ake yi, kuma ba a taɓa samun hanyar tashi daga 32 zuwa 64 ba tare da sabon ɗori ba. In kwamfutar ta cika sauran sharuɗɗan, wato furosesa da aka amince da shi, RAM 4GB, fili 64GB, UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) da TPM 2.0, lasisinki zai yi aiki, ba sai kin sayi wani ba, amma sai an kwashe kaya an goge. Ki fara duba furosesan, don yawancin kwamfutocin da suka zo da 32-bit sun girmi jerin da aka amince da shi.

Bello Mai Linux:
Ƙarin bayani ga masu kwamfutar da ba ta tsufa ba amma aka ce musu babu TPM: sau da yawa yana nan, a kashe yake a BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. A Intel sunansa PTT, a AMD kuma fTPM. Kada wani ya sayi sabon madabod kafin ya leƙa can.

Abban Khadija:
Saura abu ɗaya. Na saba da Pro a ta tebur. In sayi Pro ne ko Home ta isa? Ita ma laftof ina tunanin ɗaga ta zuwa Pro.

Ummu Yasir:
Me kake yi da Pro ɗin? In kana shiga kwamfutar daga nesa da Remote Desktop, ko kana amfani da Hyper-V don tafiyar da wata kwamfuta a cikin taka, ko kana kulle faifai da filash da BitLocker, ko za ta shiga tsarin kwamfutocin ofis, to Pro. In ba ka taɓa buɗe ko ɗaya daga cikinsu ba, Home ta ishe ka. Gudunsu ɗaya.

Abban Khadija:
Remote Desktop nake amfani da shi, daga laftof nake shiga ta tebur.

Injiniya Lawal:
To ta tebur ce ke buƙatar Pro, don ita ake shiga. Wadda ake shiga daga cikinta ko Home ce za ta yi, ka bar laftof yadda take. Kuma tunda SSD ɗin nan za ka mayar, ka sani kwamfutocin zamanin Windows 7 yawancinsu tsohon tsarin raba faifai na MBR ne a faifansu, Windows 11 kuwa UEFI da sabon tsarin GPT take so. Akwai mbr2gpt mai juya shi, amma da sabon madabod da sabon furosesa, a nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari: kwashe kayanka, goge faifan, ɗora sabuwa. Ka tanadi intanet da asusun Microsoft, za a nema wajen saiti.

Baba Isa:
Kuma da zarar ta hau, ka duba ko ta kulle faifan da kanta, don sigar 24H2 tana yin haka a sabon ɗori in an shiga da asusun Microsoft. In ta kulle, akwai lambar ceto mai lambobi 48 a cikin asusunka. Rubuta ta a takarda. Kai da ka ce za ka sake canza madabod, ranar da ka canza ita za a fara tambayarka kafin faifan ya buɗe.

Abban Khadija:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Laftof zan kwafe kayanta in haɓaka ta a daren nan. Ta tebur zan sa ta a ESU kafin kayan su haɗu, sannan in sayi cikakken lasisin Pro. Malam Bello, tsohon madabod da RAM ɗinsa ba zan yar ba, in na samu wani akwati zan neme ka a kan Linux Mint.

Bello Mai Linux:
Ina nan Yaya. Ka haɗa da ƙaramin SSD ko da mai 128GB ne, da filash ɗin da ka yi aikin Windows da shi, za mu sake rubuta shi.